Ranar da Kar-ki-motsa Ta Bar Kitso Rabi

Sunanta na yanka yana nan a katin asibiti, amma ko mijinta sai ya ɗan sosa ƙeya kafin ya tuno shi. Kar-ki-motsa kowa yake ce mata. A shagonta na kitso ta samo sunan, wani ɗan ɗaki tsakanin mai sayar da katifa da mai cajin waya, madubinsa ya tsage a kusurwa, fankar sama kuma tana juyi kamar an yi mata dole, duk da cewa gyaran fanka ne sana'ar maigidan nata. Duk wadda ta zauna a gabanta, kafin tsinke ya taɓa fatar kai za ta ji an ce, "Kar ki motsa." Amarya ta ji, tsohuwa ta ji, matar ɗan sanda ma ta ji ta kuma bi doka.

Abin dariyar, ita mai ba da umarnin ba ta san zama ba. A kan ƙannenta ta koyi kitso, da suka fara gudu in sun hango ta sai ta koma kan tsumman goge ɗaki. Ta yi aure, ta haifi huɗu. Naƙudar autan ma da kan wata a hannu ta same ta, ta cije baki ta ƙarasa, ta ɗaure jelar, sannan ta ce a nemo mota. Ba a taɓa ganin mace ta fito daga shagon nan da rabin kai ba.

Akwai kuma wata ɗabi'a tata da ta sha jawo mata faɗa. Ba ta fara kitso sai mai kan ta faɗi abin da take so da bakinta. Tun tana sabon hannu aka koya mata hankali. Wata ta zo da ƙawarta, ƙawar ta zaɓi kitson, aka wuni ana yi, mai kan ta dubi madubi ta fashe da kuka, aka koma tsefewa har yatsu suka ƙage. Daga ranar, ko uwa ce ta rako, ko gwaggo, ko uwar miji, da ta buɗe baki sai Kar-ki-motsa ta nuna ta da tsinke.

"Kan wa?"

"Nata."

"To bari ta faɗa."

Tana cikin shekarunta na arba'in da ɗoriya jinin al'ada ya fara yi mata zaman dirshan. Ya zo ya ƙi tafiya, in ya tafi kuma kamar ya manta wani abu ne, sai ya dawo. Ta ajiye zannuwanta masu haske ta koma baƙaƙe. Ta ninke baƙin tawul ta ɗora a kan kujerarta, ba wanda ta yarda ya ɗaga. In ta miƙe sai shagon ya juya da ita fiye da yadda fankar take juyi. Ciki kuma ya taso, har masu zuwa kitso suka fara yi mata barka.

"Kar-ki-motsa, ashe an yi wa auta ƙani?"

"Eh, ke za ki yi raino, tun da idonki ya fi na likita."

Hoton ciki ya nuna ƙari ne a mahaifa, kuma ba ɗaya ba, ba biyu ba. Aka ba ta magani, ya yi aiki na ɗan lokaci ya gaji. Ranar da ta zube a gaban madubi da mataji a hannu, sai da aka yi mata ƙarin jini.

Zuwa ganin likitar mata, su uku suka shiga: ita, da maigidan, da Yaya, babbar yayarta wadda ta goye ta tana jaririya kuma har yau ba ta yarda ta sauke ta ba. Likitar ta dubi Kar-ki-motsa ta fara bayani, ta ambaci cire mahaifa a cikin hanyoyin da ake da su. Ba ta kai ƙarshe ba Yaya ta tare.

"Likita, a cire kawai. Mu dai lafiyarta muke so."

Maigidan ya gyaɗa kai irin na gwanaye. "Ai in abu ya ƙone a ciki, cire shi ake yi a huta."

"Kina da tambaya?" in ji likitar, idonta a kan marar lafiyar.

"Ba ta da," in ji Yaya.

Kar-ki-motsa, wadda bakinta yake iya korar mai tallan kayan ƙarya daga nesa, ta ji ƙamshin maganin asibiti ya cika mata hanci, ta ga farar riga, ta ce, "To." Aka sa rana.

Tun daga nan zama ya gagare ta gaba ɗaya. Ta share shagon da ta riga ta share. Ta jera matajai daga babba zuwa ƙarami, ta rushe, ta jera daga ƙarami zuwa babba. Ta haɗa jakar asibiti ta zazzage, ta sake haɗawa, ta tarar ta saka man kitso ta manta buroshin haƙori. Shagon kuma ya zama kotu, kowace mai kai da hukuncinta. Wannan ta ce gemu ke fitowa. Waccan ta ce cikin zai zama wayam, hanji ya zubo ƙasa. Wata ta rage murya ta ce maƙwabciyarta tun da aka yi mata, mijin ya koma kallonta kamar kabad. Wata ta kawo garin magani a leda, ta rantse ƙarin zai narke kamar ƙanƙara.

Ba wuƙar ba ce take ci mata rai. Haihuwa huɗu ta koya mata ciwo. Abin da ya hana ta sakat shi ne za a buɗe ta a ɗauki wani abu, ita kuwa ba ta san me za a ɗauka ba, ba ta san me za a bar mata ba. Ta samu maigidan a tsakar gida ya baje cikin wata fanka a kan tabarma.

"Baban yara, me likita ta ce za a cire?"

"Mahaifa mana."

"Da me?"

"Da… abubuwan da ke wurin."

"Waɗanne abubuwa? Fanka ce ni?"

Ya ce shi dai ya ga likitar ta san aikinta. Ta kwashe kwanukan da ta wanke da safe ta sake wankewa.

Ana saura 'yan kwanaki, wata malamar makaranta ta zo kitso. Ƙatuwar mace ce da furfura a goshi, wadda yara ke shiga taitayinsu in sun ji takunta, amma da yayarta ta zo, kuma yayar ce bakinta.

"Ƙanana za a yi mata, a kwantar su baya," in ji yayar.

Tsinken ya tashi da kansa. "Kan wa?"

"Nata, amma ni na san abin da…"

"Ke za ki kwana da zafinsa? Ke za ki shiga aji da shi? Malama, buɗe baki, ba a ɗinke shi ba."

Malama ta yi 'yar dariya ta ce ita fa manya take so, a tattara su sama, ƙanana suna sa mata ciwon kai. Yayar ta ja tsaki ta ce za ta je kasuwa ta dawo. Kar-ki-motsa ta tsaga, ta fara. Yatsunta suna tafiya, maganar da ta yaɓa wa matar tana dawo mata a kunne. Ke za ki kwana da zafinsa? Ta kai tsakiyar kai, gefe ɗaya ya kwanta luf, ɗaya gefen yana tsaye kamar an tsorata shi, sai hannunta ya tsaya. Kitso in bai yi ba ana tsefewa. Abin da ta ce wa "to" ba mai mayar mata da shi.

Ta ajiye tsinken ta ɗauki mayafi.

"Lafiya?" in ji Malama.

"Asibiti za ni. Yau likitata take ganin mutane."

"Ni kuma fa? Da wannan kan?"

"Ki jira ni."

"In jira ki ɗalibaina su leƙo su gan ni haka? Wallahi ƙafarki ƙafata." Ta ɗaura ɗankwali a kan rabin kitso, ya karkace gefe ɗaya kamar kaya a bayan babur, suka fita. Mai katifa ya bi su da kallo baki buɗe.

A asibiti layi ya yi tsawo. Kar-ki-motsa ta miƙa kati ta ce ba ranarta ba ce, amma tambaya ce da ita. Nas ta ce sai dai ta zama ta ƙarshe. Ta zauna a benci, ta tashi, ta karanta hoton wanke hannu da ke bango, ta zauna, ta tashi. Malama ta gaji da kallonta ta zare ɗankwalin ta zauna a ƙasa tsakanin ƙafafunta.

"Ki ƙarasa min, ko ma huta da safa da marwar nan taki."

Babu tsinke, da murfin biron Malama ta yi tsaga. Masu jiran layi suka zuba ido, wata mai ciki ta tambaya ko ana bin layi ne a nan ma. Yatsu suna aiki, baki ya kwance, ta zayyane wa Malama komai. Malama ta ce, "To ki tambaye ta yadda kike tsare mu. Duk wanda ba ki gane ba ki ce ta sake. Ni haka nake ce wa 'yan ajina, ba sa yi." Ana ɗaure jelar ƙarshe aka kira sunan nan na yanka, sai da aka maimaita sannan ta gane da ita ake.

Likitar ta ɗago ta gane ta. "Yau ke kaɗai? Ranar nan ke na tambaya, wata ta amsa."

"Yau na zo da bakina, Likita. In ban yarda a cire ba, me zai faru?"

Likitar ta jawo wata mahaifa ta roba daga kan tebur. Ta ce ƙarin nata ba ciwon daji ba ne, kuma irinsa yakan lafa in al'ada ta ɗauke, sai dai ba wanda ya san yaushe tata za ta ɗauke, jinin kuma ba ya jira. Ta ce ana iya cire ƙarin kaɗai a bar mahaifar, amma nata suna da yawa, kuma suna iya dawowa. In an cire mahaifar, jinin ya ƙare har abada, haihuwa ma haka.

"Haihuwa kam na sallame ta. Gemu fa?"

Likitar ta kusa sakin robar don dariya. Ta nuna mata wasu 'yan ƙwallaye biyu a gefe, ta ce ma'ajiyar ƙwai ke nan, su ne suke riƙe da yanayin jikin mace, kuma in lafiyarsu ƙalau ana iya barinsu. Hanji kuwa yana da mazauninsa, ba inda zai zuba.

Kar-ki-motsa ta dubi ƙofa ta rage murya. "Shi kuma mutumin… zai tarar da gida yadda ya bari?"

"In kin warke, ba abin da zai hana. Amma sai kin warke, ki gaya masa ni na ce."

Ta tambayi hatsarin, likitar ba ta ɓoye mata ba: zubar jini, ciwon da kan shiga ɗinki, wani lokaci a taɓa mafitsara, ga kuma maganin sa barci da nasa sharuɗan. Ta tambayi ta ina za a yanka, aka nuna mata a ƙasan cibiya, saboda girman ƙarin. Ta tambayi yaushe za ta koma shago, aka ce sai bayan makonni, babu ɗaukar bokiti, babu wuni a sunkuye. Wannan ya fi maganar wuƙa yi mata ciwo. Wurare biyu ta ce a sake mata bayani, aka sake.

"Ba sai kin amsa yau ba," in ji likitar. "Ranar da muka sa ana ɗaga ta. Dama jininki yana buƙatar ya ƙara hawa."

"To a ɗaga."

Yaya da ta ji an ɗaga rana, ta yi faɗa har muryarta ta dushe. Kar-ki-motsa ta sha maganin ƙarin jini, ta je ta samu wata da aka yi wa aikin ta ƙare mata kallo a haɓa, ta juya zancen a ranta tana shara, tana wanki, tana yi wa mutane tsaga. Wata rana ta ga kamar ta haƙura ta jira al'adar ta ɗauke. Washegari ta ɗaga baƙin tawul ɗin nan ta duba, ta daɗe tana dubawa.

Da suka koma su uku, likitar ta ce, "Me aka yanke?"

Yaya ta ja numfashi za ta fara. Kar-ki-motsa ba ta da tsinke a hannu, sai ta ɗaga yatsa.

"Yaya, cikin wa?"

Yaya ta dube ta, ta dubi likita, ta gyara mayafi. "Naki."

"A cire mahaifar, Likita. Ma'ajiyar ƙwan nan kuma, in kin tarar lafiyarsu ƙalau, ki bar min kayana. In kin ga wani abu daban, ki gaya min tun yanzu me za ki yi, kar in farka in ji labari." Ta juya ga maigidan. "Kai kuma bokiti ya zama naka. Ka gyara min fankar shago kafin in dawo."

Ana gobe za a kwantar da ita, ta tafi wurin wata mai kitso a ƙarshen layinsu, wadda suka shekara suna gaisuwa sama-sama, don kada ta kwanta asibiti da kai a tsefe. Yaya ta raka ta. Matar ta ɗauki tsinke ta ce, "Wanne za a yi?" Bakin Yaya ya buɗe, ya rufe da kansa.

"Manya, guda kaɗan, waɗanda zan iya kwanciya a kansu."

Ba a gama layin farko ba Kar-ki-motsa ta juya ta duba tsagar, ta ce ta karkace. Ta miƙa hannu ta gyara wa matar riƙon mataji. Ta tuna ba ta saka silifas a jaka ba, ta yunƙura za ta tashi. Mai kitson ta danne mata kafaɗa da gwiwar hannu ta dubi Yaya.

"Baiwar Allah, dama haka take? Riƙe min ita, in ba haka ba da rabin kai za ta shiga tiyata."