Yatsu Biyu a Bakin Hula

Ban taɓa faɗa wa kowa ba sai jiya, wata uku ke nan ina ɓoye hoton wani Bature mai gashin baki a jakar makaranta.

Tsohon katin ɗan wasan besbol ne, ƙwallon nan da Amurkawa ke duka da sanda. A cikin littafin soyayya na gwanjo da na saya a Lugbe na tsince shi. Ba shi nake so ba, Allah ya kiyaye! Yatsunsa biyu ne a bakin hula, sak yadda Ishaya ɗan layinmu ke yi in mun haɗu. Ni kuwa na ɗauka "kina zuciyata" yake nufi, har na rubuta masa wasiƙa shafi huɗu.

Jiya na nuna wa ƙawata Rifkatu katin. Ta bincika a waya, ta kwashe da dariya.

"Ke Ladi, wai a wasansu in an taɓa hula, cewa ake yi ka ruga. Korarki Ishaya yake yi!"

Na ce, "A ruga ina?"

Ta sake dubawa. "Ba su faɗa ba."

To, tunda ba su faɗa ba, gobe wajensa zan ruga in miƙa masa wasiƙar. In na suma, wa zai taho da ruwa a cikinku?