Tayar da Na Ɗauke a Mahjar

Akwai wata Talata da har yau ban manta da ita ba, kuma duk sabon ma'aikacin da aka haɗa ni da shi sai ya sha labarinta kafin in miƙa masa ma'auni.

A lokacin ina muraƙib, wato mai duba aiki, a wani kamfani da ke gyaran titunan kudancin Jidda. Sama da ni akwai injiniya, sama da shi mudir, wato manaja. Ga wanda bai san garin ba, ruwan samanmu lokacin sanyi yake zuwa. Sai a yi wata da watanni ba ɗigo, rana ɗaya sama ta ɓalle, ruwa ya shiga ƙarƙashin kwalta, motoci su taka, rami ya buɗe baki. Tsarinmu kuwa ga shi: mutum ya ɗauki hoton ramin da waya, ya sa lambar katinsa na ɗan ƙasa ko ta iƙamarsa, wato takardar izinin zama, ya aika. Wannan shi ne balag. Idan ya iso sai in je in auna, a cike, in ɗauki hoto, a rufe. Ramin da ba a yi wa balag ba, a wurin kamfani babu shi a duniya.

To, akwai wani lungu a unguwar Mahjar da yawancin mazaunansa umra suka zo suka zauna, ba iƙama. Mai ita ma ba ya son jawo ido kan maƙwabtansa. Saboda haka idan rami ya buɗe, tsohuwar taya suke tsayarwa a ciki, kowa ya gani ya kauce.

A nan na haɗu da Malam Haruna, wani dattijo Bakatsine mai tura baro, yana kai wa masu shaguna kaya. Ƙafafun nan nasa biyu su ne abincinsa, kuma ta lungun nan yake bi safe da yamma. Ya ji ina Hausa a waya, ya ajiye baro.

"Ɗana, ashe namu ne? Don Allah ku dubi ramin can. Ya kai gwiwa fa."

Na ce, "Baba, balag za ka yi."

Ya yi dariya. "Da wace lambar?"

Kunya ta kama ni. Na ce masa zan yi ƙoƙari.

Da na koma ofis na sami mudir. Bai ko ɗago kai ba.

"Akwai balag?"

"Babu, ustaz."

"Halas, shi ke nan. Babu rami."

Na ce to bari in aika da tawa lambar. Ya ce ma'aikaci ba ya balag a yankin kamfaninsa, kada a ce muna ƙirƙiro wa kanmu aiki. Na fito raina a ɓace.

Ranar Talatar da safe sai ga balag daga lungun. Har na yi hamdala, ashe ba na rami ba ne. Wani direba ne da ya ratsa ya yi ƙarar an jefar da taya a tsakiyar hanya. Irin wannan balag na cikas a ranar ake rufe shi.

Mudir ya ce, "Yalla ya Usman, maza je ka ɗauke ta."

"Ustaz, tayar nan alama ce. Ramin da na gaya maka ne a ƙarƙashinta. A haɗa ni da motar kwalta."

Ya juyo min da allon kwamfuta. "Karanta. Ka ga inda aka rubuta rami?"

Wallahi na so in gaya masa magana, amma iƙamata a hannun kamfanin take, na haɗiye. Na je da lebura biyu muka cire tayar muka jefa bayan mota. Ruwan daren jiya ya cike ramin taf, hoto ya fito kamar ɗan kududdufi. Na aika, aka rufe. Na ce a raina da yamma zan dawo in tsayar da wani abu a wurin. Sai aka tura ni taimakon wata ƙungiyar ma'aikatanmu a unguwar Bagdadiyya, da la'asar kuma ruwa ya sake sauka, ya shafe titin daga bango zuwa bango.

Malam Haruna ya taho da baro cike da katan-katan. Maƙwabta sun gaya masa motar kamfani ta zo har ta kwashe tayar. Sai ya bi ta tsakiya kansa tsaye. Ƙafarsa ta dama ta nutse, baron ya kife a kanta, ƙashin ya karye. Asibiti kuwa ya ƙi zuwa don tsoron a tambaye shi takarda, mai ɗori aka kira masa.

Ranar Alhamis wata mota ta faɗa ramin, mai ita yana da kati. Ya yi balag, kafin azahar mun cike mun daddaɓe. Aikin da bai kai awa biyu ba! Na tsaya ina kallon sabuwar kwaltar kamar in yi kuka don takaici. Ƙafar mota tana da wanda zai yi mata magana, ta mutum ba ta da shi.

Daga wurin na nemi ɗakinsa. Yana kwance a tabarma, an ɗaure ƙafar da karare. Ban san ta inda zan fara ba, shi ya riga ni.

"Ɗana, da aka ce min motarku ta zo, na ce yaron nan ya cika alkawari. Har addu'a na yi maka a sallar azahar."

Na ce, "Baba, ni na ɗauke tayar."

Sai ya ce, "Aiki aka sa ka." Da zagina ya yi da ya fi min sauƙi.

Ɗorin bai kamu daidai ba. Baro ya gagare shi, bayan 'yan watanni ya miƙa kansa ga hukuma aka mayar da shi gida.

Shi ya sa nake gaya muku, ku da kuke fara aikin nan: mutanen unguwa ba sa ajiye abu a kan titi a banza. Kafin ku ɗaga taya ko bulo ko karyayyar kujera, ku sa ma'auni ku ji abin da ke ƙasa, idan rami ne kada ku matsa sai an cike. Kuma kada hoto ya ruɗe ku. Aikina na ranar nan har yau yana cikin fayil, da sa hannun mudir, an rubuta an kammala shi a kan lokaci.