Hannun Yaya Illa a Cikin Piyanon Mushe Abdu

Shekara tara ke nan da rasuwar wana Illa, mai gyaran keken ɗinki a kasuwar garin Tawa. Ni ɗan kabu-kabu ne, karatuna bai yi nisa ba, sai ku yi haƙuri da rubutun.

Mushe Abdu, kamar yadda muke kiran malaman lakkol, wato makarantar boko, tsohon malami ne, yana da piyano irin mai jingina da bango. Da bazara katakonsa ya bushe, maɓallan su yi ta kwaram-kwaram. Da damina ya kumbura su liƙe. Yaya ke zuwa ya buɗe cikinsa. Sai ya ɗora 'yan notuna bisa maɓalli ya ga nauyin da ke saukar da shi, ya cusa guntun takarda ƙarƙashi, ya juya sukurori har 'yan gudumomin ciki su jeru. Bai iya kiɗa ba ko kaɗan. Da hannun Mushe na dama ya shanye, ya sassauta masa wannan ɓarin har ya koma bugawa.

Yaya ya rasu, Mushe ya bi shi bayan shekara biyu. Aka kulle ɗakin da piyanon yake, Hadiza ɗiyar Mushe ta ba ni makulli don amanar da ke tsakaninmu.

Bara Hadiza ta samu mai sayen piyanon, ya aiko da gwani daga Yamai. Muka buɗe da hantsi, ƙura ko'ina, babu sawun kowa. Gwanin ya taɓa maɓallan ɗaya-ɗaya, ya leƙa ciki, ya shinshina, ya ce:

"Wa ya gyara shi makon nan? Ga mai ɗanye, na keken ɗinki."

Hadiza ta dube ni. "Kawu, kai kaɗai ke da makulli."

Na san Tawa. In na faɗi gaskiya, cewa wannan hannun Yaya ne, kafin azahar an ce Illa da aljannu yake aiki, kuma yana da ɗiya uku masu neman aure a garin nan.

Na ce, "Ni ne. Na shiga ban gaya miki ba."

Ta karɓi makullinta. Har yau gaisuwarmu daga nesa ce.

Ban san mi Yaya zai ce da wannan zamani ba, da ake jefar da abu in ya yi tauri. Shagonsa ma waya ake saidawa ciki. Abin da ya rage nasa shi ne suna mai tsabta, kuma da nawa na saye shi. Ban yi nadama ba. Allah ya jiƙan ka, Yaya, ya sa ka huta. Ka huta ɗin, don Allah.