Shekarar da Barau Bai Yi Shuka Ba

Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Maigatari ranar Alhamis, da wuya a ce bai ci girkin Barau ba. Ba lalle ya san sunansa ba, don Barau ba mai fitowa gaba ba ne. Yana can baya cikin hayaƙi, gajere, kakkaura, da tsumma a kafaɗa, yana fama da tukwane. Amma farfesun kayan cikin nan da fataken shanu daga Damagaram suke tambaya tun ba su gama sallama ba, hannunsa ne.

Mutumin Ɗanzomo ne, ɗan manoma, jikan manoma. Girki kuwa larura ce ta koya masa. Mahaifiyarsa ta yi doguwar jinya yana saurayi, ba 'ya mace a gidan, sai ya ɗauki muciya. Samarin garin suka sa shi a gaba, wai a sayo masa zani da ɗankwali. Ko kallo ba su ishe shi ba. Da Alhaji Sha'aibu na Gumel ya buɗe gidan abinci ya ji labarinsa, sai ya aika aka kira shi.

Allah ya sa wa abin albarka. Daga Gumel Alhaji ya buɗe reshe a Maigatari, ya ƙara a Gagarawa, ya ƙara a Sule Tankarkar, duk fenti iri ɗaya, farantai iri ɗaya, miya ma ɗanɗano ɗaya, domin duk mai girkin da aka ɗauka sai ya zauna a hannun Barau tukuna. Shi kuwa aka ajiye shi a Maigatari inda ciniki ya fi zafi, ya kama haya, ya kwaso matarsa Hajaratu da yara. Ya fi shekara goma a nan, bai taɓa sa Alhaji ya ɗaga murya ba.

To amma akwai gona. Gonar gado ce a bayan Ɗanzomo, jigawa mai son gero da wake, kuma ita kaɗai Barau ya mallaka a duniya. Tun da aiki ya riƙe shi, sai yake ba Hudu aronta. Hudu ɗan baffansa ne, ƙaninsa, mai iyali da yawa da ƙasa kaɗan. Aron gona kuwa shekara-shekara ne, kowa ya sani. Kafin ruwa ya sauka, mai gona yana da ikon cewa bana zan noma abata, ba wanda zai ga laifinsa. Amma in ka ce wa mutum je ka noma, ya yi shara, ya kai taki, ya zuba iri, to bakinka ya rufu sai an yi girbi. Wanda ya karɓe gona da shuka a cikinta, har jikokinsa sai an yi musu gori.

Shi ya sa kowace bazara Barau yake wanke hannu, ya sa rigarsa ta Juma'a, ya hau mota zuwa Gumel, ya durƙusa gaban Alhaji ya tambaya: in zauna ko in tafi gona? Alhaji ya yi dariya ya ce zauna. Abin har ya zama kamar wasa tsakaninsu.

A shekarar da ake magana, ba wasa ba ne. An daɗe da rufe boda, baƙi sun ja baya, shinkafa da mai sun yi tashin da ba a taɓa gani ba. Reshen Sule Tankarkar ya rufe, na Gagarawa ya bi shi. Hajaratu ce ta fara magana.

"Malam, bana ka karɓi gonar nan. Jikina bai ba ni ba."

"Ke dai da jikinki! Alhaji ya ce ƙananan ya rufe don manyan su yi ƙarfi."

"To ka tambaye shi da kyau. Ban da dariya."

Ya kuwa tambaya da kyau. Ya ce, "Alhaji, don girman Allah, in akwai wani abu a faɗa mini yanzu. Hudu yana jiran bakina, ga hadari ya fara haɗuwa."

Alhaji Sha'aibu ya gyara hula, ya dubi waje, ya ce, "Haba Barau! Kai da fartanya yanzu? Ai ni ne gonarka. Koma bakin aikinka."

Barau ya dawo da fara'arsa, har da tsarabar ƙuli-ƙuli. Ya aika wa Hudu cewa ya noma. Hudu ya sayar da akuyarsa ya sayi taki, bai ma jira ruwa ba ya yi binne, wato ya zuba iri a busasshiyar ƙasa yana jiran sama. Ruwa ya sauka ana shirin Babbar Sallah. Kasuwar raguna ta cika ta batse, Barau ya yi girkin da bai taɓa yi ba, ƙafafunsa har kumbura suka yi.

Bayan Sallah da 'yan kwanaki, ya zo da safe zai hura wuta, sai ya tarar da wani baƙo da magina suna auna bango da igiya. Baƙon ya amsa gaisuwa da mutunci, ya ce shi ne ya sayi wurin, sito zai mai da shi na riɗi da zoɓo.

"Yaushe aka yi cinikin?" in ji Barau.

"Ai tun kafin azumi. Alhaji ne ya roƙi in bar shi ya ci kasuwar layya."

Tun kafin azumi! Ke nan ranar da Barau ya durƙusa a Gumel da rigarsa ta Juma'a, wurin ya riga ya zama na wani. Ya ajiye ashanar da ke hannunsa, ya cire tsumman kafaɗarsa ya rataye a ƙusa inda ya saba, ya nufi tasha.

A yi wa Alhaji adalci, bai ɓuya ba. Yana zaure, ya rame, na Gumel ɗin ma ya rufe shi. Ya biya kowa albashinsa cif, ya ƙara wa Barau da yadin shadda. Da ya ga fuskar Barau sai ya riga shi magana.

"Na ci maka ko kwabo, Barau?"

"A'a, Alhaji."

"To ka gani. Ni ma karyewa na yi, ba son raina ba ne. Da na faɗa maka a lokacin, da ka tafi gona. Wa zai riƙe mini tukunya a kasuwar raguna?"

Wallahi da zagi ya yi da ya fi sauƙi. Shi Alhaji bai ma ga abin da ya yi ba. A wurinsa haƙƙin ma'aikaci yana ƙarewa ne a albashi, tun da ya biya, ya fita. Barau ya ce, "Alhaji, da ka ce mini in karɓi gonata in bar wani ya kula da ita zuwa bayan Sallah, da na tsaya maka. Ka san da na tsaya." Daga nan ya yi sallama, ya ɗauki shaddar don kada a ce ya yi rashin kunya.

Suka saki haya suka koma Ɗanzomo tsakiyar damina, lokacin da kowa ke gona, ba mai sauraron wani. Hudu ya zo da kansa, hankali a tashe, ya ce, "Yaya, a raba ta biyu mana." Barau ya ce Allah ya kiyaye. Ya san akuyar da aka sayar, ya san bakunan da ke gidan Hudu. Ya je ya ga gonar sau ɗaya, gero ya yi kore shar har gwiwa, rabon da ta yi kyau haka tun mahaifinsa na da rai. Bai sake bi ta wannan hanyar ba.

Ya gwada soya doya da ƙwai a bakin titi, amma wa zai saya a ƙauye da damina? Ya shiga ƙwadago a gonakin mutane. Hannun da ya saba da ludayi ya yi kanta ya fashe, bayansa ya riƙe, yaran da aka haifa a gabansa suna wuce shi a kunyar noma suna ce masa sannu Baba. Hajaratu ta sayar da kwanukanta ɗaya bayan ɗaya. Ba ta taɓa ce masa ai na faɗa maka ba, kuma wannan shirun ya fi komai ci masa rai.

Da kaka ta yi, wata rana da yamma, amalanke ta tsaya a ƙofar gidansu. Hudu ne da dammunan gero. Ya sauke kashi na farko ya ce wannan na godiya ne, irin wanda Barau yake mayar masa duk shekara yana cewa shi mai albashi ne. Bana Barau bai mayar ba. Sannan Hudu ya tsaya yana sosa ƙeya, ya ƙi haɗa ido da shi, ga sauran dammuna a kan amalanke.

"Waɗannan fa?" in ji Barau.

"Yaya, zakkar gonar ce. Na je wurin liman na tambaya ko ta halatta a ba ɗan'uwa. Ya ce in dai mabuƙaci ne, shi ya fi cancanta." Muryarsa ta yi ƙasa. "Na duba unguwar nan kaf, Yaya. Ban ga wanda ya fi ka ba."

Barau ya dubi geron. Zangarniya manya-manya, daga ƙasar ubansa. Daga cikin gida yana jin Hajaratu tana lallashin ƙaramar 'yarsu, tana ce mata ta yi haƙuri an kusa ɗora tukunya, shi kuwa ya san babu abin ɗorawa.

Ya ce, "Allah ya karɓa, Hudu."

Ya sunkuya ya ɗauki damin farko a ka, ya shiga da shi.