Kamun Kifi da Fartanya

Ko tsufa zai sa in manta sunayen jikokina, ba na jin zan manta ranar da na fita kamun kifi da fartanya.

Shekarar babban fari ce, a ƙauyenmu kusa da Tsanyawa. Rumbu ya ƙare tas, sai irin gero da muka rataye a ɗaki. Da safe maigidana ya sauko da shi ya ajiye gaban turmi, ya kawar da kai.

"Ki daka wa yaran nan. Na gaji da jin kukansu."

"Malam, in ruwa ya sauka me za mu shuka? Ka ba ni zuwa la'asar."

Ni 'yar masunta ce, aure ne ya kawo ni cikin manoma. Na san gaiwa ba irin sauran kifaye ba ce, iska take shaƙa kamar ni da kai. In tafki ya fara ƙafewa sai ta nutse cikin laka, ta naɗe kanta, ta bar 'yar ƙofar numfashi, tana cin jikinta har damina.

Na saɓa fartanya na nufi tafkin ƙauyenmu, ya bushe ƙayau, duk ya tsattsage. Wata maƙwabciyata ta hango ni ta kwashe da dariya.

"Ina zuwa, 'yar masu ruwa?"

"Kamun kifi."

"Ashe yunwa har kai take taɓawa!"

Na wuce abina. Amma gaskiya gabana ya faɗi, don ramukan da na fara tonawa duk na ƙwari ne, ga rana ta karkata. Can tsakiya, inda ruwa ya yi ƙarshen zama, na ga wata 'yar huda. Na haƙa a hankali har hannuna ya shige, sai ga gaiwa a dunƙule cikin busasshiyar jaka kamar fata. Ina taɓa ta ta yi gurnani. Wallahi hawaye suka zubo mini.

Na ci gaba da haƙa, na samu wasu da dama. Manyan na ɗiba, na rufe ƙananan. Muka riƙa haɗawa da ganye, muka lallaɓa har ruwa ya sauka. Malam ya shuka gonarsa kaf, alhali gidaje da yawa sun cinye nasu irin, gonakinsu suka kwana fayau.

Tun daga nan na san rama ba mutuwa ba ce, jiki yana dawowa. Amma wanda ya daka irinsa, yunwar baɗi ya saya da tuwon dare ɗaya.