Kunnen Baba da Tsohuwar Bas

Jiya tsohuwar bas ɗina ta kama jijjiga a hanyar Izom, tana fitar da baƙin hayaƙi. Da ƙyar na lallaɓo da ita Suleja. Makanike ya leƙa ya ce, "Oga, wannan ko wurin jona kwamfuta ba ta da shi. Ka kai wa 'yan gwangwan kawai."

Nan na tuna Baba, marigayin da ya koya mini tuƙi ya bar mini ita. Ba ya ɗaukar sifana sai ya saurari inji. Yakan ɗora tsinin sukundireba a jikin injin, ya manna kunne a mariƙin, ya rufe ido. Wata rana a Garam ya miƙo mini, hannunsa na warin fetur, ya ce, "Ji nan. Tana faɗin ciwonta, ku ne ba ku saurara."

Na ari sukundireban makaniken na saurara. Silinda ɗaya ba ta amsawa. Na zare fuloginta, baƙi ƙirin, na ɗaga wa makaniken: "Wannan za a jefar, ba motar ba."

Na sa mata sabon fulogi, yau ta kai matan kasuwa Izom. Allah ya haskaka kabarinka, Baba. Muddin ina da kunne, ba mai sare ta.