Jirgin Baba a Ramin Kuza

Ranar wata Asabar ce, a daminar farko bayan rasuwar Baba, ina durƙushe ina wanki a bakin tsohon ramin kuza da ke bayan unguwarmu ta wajen Laranto, a Jos. Ramin ya cika da ruwa kore shar, ba wanda ya san zurfinsa. A nan yaran unguwa suke yaƙin jiragen gwangwani: rundunar yayana Sale a wannan gaɓa, ta Emeka ɗan maƙwabtanmu a waccan. Kowa ya tura jiragensa da sanda, a yi ta jifa da tsakuwa, wanda nasa suka rage a kan ruwa shi ya ci. Ni ba a ba ni jirgi ba don mace ce, amma idona ba ya kuskure, saboda haka ni ce alƙaliya. In na ce jirgi ya nutse, to ya nutse.

A rundunar Sale akwai wani tsohon jirgi, dogo siriri, mai gudu. Baba ne ya ƙera shi da gwangwanin man gyaɗa, ya liƙe da dalma, a ranakun da tari ya hana shi zuwa haƙar kuza. Zuwa wannan damina tsatsa ta ci gindinsa, ya fara yoyo. A al'adar wasan, tsohon jirgi ba a yar da shi, sake masa aiki ake yi. Ko a cire bindigarsa ta ƙusa ya koma ɗaukar tsakuwa a kusa da gaɓa, ko a shafe shi da kwalta ya riƙa rakiyar ƙanana, ko a buɗe shi a yi wa sababbi faci. Na ce a mayar da shi ɗan dako, ya ƙarasa kwanansa inda hannu zai kai gare shi. Sale ya harare ni ya ce, "Jirgin Baba ne zai yi dako? Ke Asabe, koma kan wankinki." Har Emeka, abokin gabarsa, ya ce, "Oga Sale, ka bar tsoho ya huta, ni ba na jifan wannan."

Sale bai ji ba. Ya samo gutsattsarin kwanon rufi ya yi masa sulke, ya kafa masa manyan ƙusoshi, ya ɗora gwangwanin madara a sama wai benen kyaftin. Da ya tura shi, jirgin ya yi kyau ƙwarai, ban taɓa musun wannan ba. Ya wuce 'yan'uwansa ya kai tsakiya, sai iska ta ɗan kaɗa, ya karkata, ya kife. Ko tsakuwa ɗaya ba ta taɓa shi ba. Sale ya fara tuɓe riga zai faɗa, na saki wankin na rungume ƙafarsa, ya yi ta dukan bayana ban saki ba, don na san ramukan nan ba sa mayar da abin da suka haɗiye. Yara suka zubo mini ido suna jiran hukunci. Na ce, "Ya nutse." Ranar Inna ba ta yi faɗa ba, cewa kawai ta yi, "Kun ɗora masa abin da mai shi bai ɗora ba."

Yau Sale ya daɗe a ƙarƙashin ƙasa, su Emeka sun bar Jos ban san inda suka yi ba, an cike gefen ramin an yi gidaje. Jikana kan zauna a tabarmata yana yaƙin jirage a waya. Shekaranjiya ya ce, "Kaka, ina da tsofaffin jiragen yaƙi, in ƙara musu bindigogi ko in mayar da su rakiya?" Na ce ya rage musu kaya. Ya yi dariya, ya ƙara, suka nutse, ya danna wani wuri suka dawo sababbi fil.

Namu yana can ƙasa, da zanen yatsun Baba a jikin dalmarsa.